Malam a Bayan Kafaɗar Inna

Da damunar nan Yaya Garba ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ba marubuciya ba ce, ɗinki na sani, kuma duk shekara abin da muke yi bai wuce mu dafa shinkafa mu aika masallaci, a yi masa addu'a, kowa ya kama gabansa ba. Bana ce ta zo mini da abin da ya hana ni zama. In na hau keke sai in sauko, in leƙa ƙofa, in dawo, in tarar na haɗa hannun riga a baibai. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa wa mutane, ko na samu sa'ida.

Wanda ya girma a unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda mu 'yan gida muke ce wa Birik, da wuya bai taɓa tsayawa gaban kyamarar yayana ba. Dogo ne siriri, kullum kyamara na ƙarƙashin rigarsa saboda ruwan Yawunde da ba ya sallama. Suna, biki, saukar karatu, mahauci ya buɗe sabon teburi, duk shi ake aika wa. Yana da faɗa, yana da tsokana, kuma in yana aiki ba ya jin kira. Ni ƙanwarsa ce, ni ya fi tsokana, ni kuma na fi kowa rama masa.

Mai hoto a wani gari in yana son ya haɗa mutum goma sai ya ja da baya. A Birik in ka ja da baya, ko dai ka faɗa kwata ko ka zauna cikin tukunyar maƙwabciya. Lungunanmu mutum biyu ba sa jerawa, ɗakunanmu gado ya cinye rabi. Don haka Yaya ya je kasuwar Mokolo ya samo wani tsohon idon kyamara mai faɗin gani, wanda masu Faransanci ke kira garan angil. Shi bai taɓa kiransa haka ba, Mai Haɗama yake ce masa, don kana tsaye a bakin ƙofa zai haɗiye ɗaki duka, daga bango zuwa bango, har da silin. Da shi ya ci abinci har ƙarshen ransa.

Sai dai Mai Haɗama yana da mugun hali ɗaya, ba ya rufa wa kowa asiri. Na kusa da na nesa duk tar yake fito da su. Amarya ta sha leshi da gwal, a bayanta ga fo ɗin yaro, ga igiyar shanya, ga kwanon rufi mai tsatsa, kowanne yana neman a gan shi. Mata suka yi ta mita. Su abin da suke so shi ne fulu, wato mutum ya fito sarai, bayansa kuma ya yi dishi-dishi kamar hotunan da suke gani a kalanda. Yaya ya yi ta bayani har ya gaji: dogon ido ne ke narkar da baya cikin sauƙi, shi kuwa mai faɗi sai ka buɗe masa ƙofar haske duka, ka matso da shi dab da fuskar mutum, sannan ya ɗan sassauta wa abin da ke nesa. In ka matso da yawa kuma hanci ya kumbura. Wata ta taɓa ce masa ya mai da ita kamar tunkiya, suka yi wata guda ba sa gaisawa.

Shi a wurinsa dishi-dishi iri biyu ne, kuma ya sha cika mini kunne da wannan karatu ina tsakiyar yanka yadi. Akwai mummuna, wanda bakin kwano ke rabuwa biyu, hasken da ya ratso ganye ya zama zobba masu kaifin baki, abin da ke gefen hoto ya miƙe kamar an ja danƙo. Irin wannan, in ji shi, ya fi tar ɗin ma hayaniya, don ido ba ya hutawa a kan mai hoton. Akwai kuma mai kyau, wanda baya ke yin ƙasa da murya amma bai bar wurin ba, kana iya cewa wannan ƙofar gidan wane ce ko da ba ka ƙirga ƙusoshinta. Nakan ce masa, "Yaya, ni dai matsa mini daga haske." Ban san wata rana zan zauna ina tattaro maganganun nan ɗaya bayan ɗaya ba.

Mahaifinmu malamin allo ne, daga arewa ya zo tun yana saurayi, kuma kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Bai yarda da hoto ba. Bai hana Yaya sana'arsa ba, bai kuma taɓa yi wa wani wa'azi a kai ba, shi dai tasa fuskar ce ya ce ba za ta zauna a takarda ba. In Yaya ya shigo da kyamara, Malam yakan sunkuyar da kai kan allonsa har ya wuce. Inna kuwa ba ta taɓa cewa tana son komai ba. Amma wata rana mun je barka wani gida, ta tsaya gaban hoton mai gidan da matarsa a bango, ta daɗe tana kallo har aka yi mata magana sau biyu. Yaya yana wurin, ya gani.

Shi ne ya je ya durƙusa a zaure ya roƙi Malam. Ina bayan ƙofa ina ji, don ni ba a yin magana a gidan nan ban ji ba. Har na zaci Malam ya ƙi, sai ya ce, "Ban yarda a bar fuskata ba, ko ina raye ko na mutu. Amma in ka iya sa ni a bayanta yadda ba za a gane ido da hanci ba, na yarda. Duk wanda fuska ta fita a ciki ka kawo a ƙona a gabana. Amana ce na ba ka." Yaya ya ce ya ɗauka.

Ashe ya ɗauko wa kansa jidali. Tsakar gidanmu ba ta da wani tsawo, daga ƙofar Inna zuwa zaure ɗan taku ne. Da dogon ido ba za su shiga tare ba, ba wurin ja da baya. Dole sai Mai Haɗama, shi kuma Mai Haɗama ba ya son ɓoye kowa. Hoto na farko da aka wanko, har furfurar gemun Malam ana gani, aka sa shi a kurfotin Inna da shi da fim ɗinsa. Na biyu Yaya ya kai Malam can gefe, sai ya fito a miƙe, kai ya yi tsawo kamar goran nono, Malam da kansa ya yi murmushi kafin ya jefa a wuta. Na uku fuska ta ɓace, amma rana ta bugi kwanon da ke saman zaure ta farfashe, bakin allo ya rabu biyu, Yaya ya ce wannan ba mutum ba ne, ciwon kai ne. Wannan shi ya ƙona da hannunsa, ba wanda ya sa shi.

Damuna guda ya yi yana wannan fama. Ya gano hoton ba ya yiwuwa sai bayan an ɗauke ruwa, gari ya yi lumshi, haske ya kwanta. Ya ɗauke mini baƙin yadi ba tare da ya tambaya ba ya rufe bakin kwanon, muka yi faɗa a kai. Ya zaunar da Inna a bakin ƙofarta, ya durƙusa gabanta har kyamara na neman taɓa ta, tana ta cewa, "Wannan yaro zai cusa mini ƙarfe a hanci." Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Sannan ya riƙa roƙon Malam ya ja buzunsa ciki, ya ƙara ja, ya ɗan dawo. Abin da har yau nake mamaki, mutumin da ko limami ba ya tayar da shi daga karatu, sai ga shi yana jan buzu gaba da baya ba ko tsaki. A nan na gane shi ma yana so.

Hoton da ya tsira shi ne ke rataye a ɗakin Inna har yau. Ita ce a gaba, tar, hancinta ya ɗan fi nata girma. A saman kafaɗarta ta dama, can cikin ƙofar zaure, akwai farin abu a zaune, kai a sunkuye, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, allo a cinya. Ba ido, ba hanci. Baƙo zai ce wani tsoho ne, wanda ya san shi kuwa ba ya buƙatar a gaya masa. Malam ya riƙe shi ya daɗe, ya miƙa wa Inna, ya ce, "Ajiye." Bayan 'yan shekaru ya rasu, kuma duk duniya ba shi da wani hoto sai wannan.

Ina yawan tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga Birik ta yau. Fulun da ya yi damuna yana nema, yanzu kowace yarinya tana da shi a waya, da dangwalen yatsa. Amma irin na waya ba sassautawa yake ba, yanka yake. Ya yanke gefen gyale, ya cinye ɗan kunne, wani lokaci har hannun jaririn da ke goye ya tafi, baya kuma ya zama koko. Amaren Birik da na Duwala da na Kano duk a wuri ɗaya suke tsaye, wurin da ba kowa. Na san zai zagi abin nan tun daga safe har azahar. Na kuma san kafin la'asar zai je ya sayi irinta, ya zauna yana tona cikinta, don Yaya bai taɓa ganin sabon ƙarfe ya kau da kai ba.

Ɗansa Mudi shi ya gaji sana'ar. Yana da ɗan shago wajen unguwar Ekoudou, yana ɗaukar bukukuwa, yaro mai ladabi, bayan damunar nan ma za mu yi bikinsa. Kwanakin baya da hantsi ya shigo shagona yana murna, ya miƙo mini waya ya ce, "Goggo, duba." Na gyara tabarau na duba kafin in san me nake dubawa. Wani dattijo ne, gemu a gyare, ido biyu a buɗe suna kallona, ga allo a cinya, ga ƙofar zaurenmu. Mudi ya ɗauki hoton ɗakin Inna da waya, ya ba wata na'ura da ke gyara tsofaffin hotuna, ita kuma ta ƙera wa farin abin nan fuska. Nufinsa ranar addu'ar babansa ya tura wa dangi duka, na Garwa da na Duwala da na Najeriya, sannan ya wanke babba ya rataye a ɗakin aurensa.

Na yi masa tas. Na ce ubanka ya ƙona fim a kurfoti don kada a ga abin da kai ka zauna ka ƙirƙiro da yatsa, alkawari kaya ne, kuma ba ya sauka don mai ɗauke da shi ya mutu. Ya bar ni na gama, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Goggo, ke kin gan shi. Ni ina rarrafe ya rasu. Tun ina yaro duk inda na shiga sai a ce ga mai kama da Malam, ni kuwa ban san da wa nake kama ba. Baban da zan tambaya shi ma ya tafi."  Ya yi mini alkawari ba zai tura wa kowa ba sai na yarda, ya tafi ya bar ni da keke.

Daga ranar nan ne zama ya gagare ni, kuma ba don fushi ba. Tsoro ne. Kallo ɗaya na yi wa dattijon waya, amma ya shige kaina ya yi kane-kane. In na rufe ido ina neman fuskar ubana, shi ke zuwa, da gyararren gemunsa. Na san Malam yana da wani abu a fatar idon hagu, amma saukowa ta yi ko tabo ne? Na rasa. Na tashi na tafi Mokolo ba abin da zan saya, na zaga na dawo. Na tare tsofaffin ɗalibansa biyu na tambaye su, ɗaya ya rantse Malam na da wushirya, ɗaya ya ce bai taɓa ganin haƙoransa ba. Shekaru ina zaune da ubana a zuciya ban san ya dusashe haka ba, sai da baƙo ya zo ya zauna a gurbinsa. Wallahi na yi kuka, kuma na ji haushin Yaya da ya mutu ya bar ni da wannan hukunci.

Kuma ban ga laifin yaron ba, abin da ya fi damuna ke nan. In na ce a'a, na hana maraya abin da kowa ke da shi, kakan da zai nuna wa 'ya'yansa. In na ce e, cikin yini ɗaya fuskar nan za ta shiga wayoyin dangi, jikoki su haddace ta, nan da shekara ashirin ita ce Malam, ba mai iya karɓo ta. An ce kama da wane ba ta wane, amma wa zai tuna da haka in waɗanda suka san wanen sun ƙare? Na juya maganar nan har ta ishe ni, daga ƙarshe na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a kai wa Inna.

Inna tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani har ba ta gane mutum sai ya yi magana ko ya motsa. Hankalinta kuwa garau. Ranar addu'ar, bayan an kai abinci masallaci, an ɗauke ruwa, tana zaune a bakin ƙofarta, Mudi ya durƙusa ya ba ta wayar. Ta kai ta dab da ido, ta juya ta, ta ce, "Dattijo mai tsabta. Baƙon wa ne?" Mudi ya ce, "Kaka, Malam ne. Na'ura ce ta fito da fuskarsa." Ta ƙara dubawa, ta miƙa masa abinsa. "Wannan ai kallona yake ido cikin ido. Malam bai taɓa yi mini haka a tsakar gida ba."

Na ga idon yaron ya kawo ruwa. Inna ba ta gani ba, amma ta ji shirunsa. Ta ce, "Tashi ka je zaure. Buzun na nan bayan ƙofa, shimfiɗa ka zauna, ka ɗauki allo." Ya tafi yana waiwayena. Ta ce, "Ja ciki. Ƙara ja. Ɗan dawo. To, nan babanka ya ajiye shi." Mudi ya zauna, ya naɗe ƙafa, ya ɗora allo a cinya, ya sunkuya don kunya ta kama shi. Ba wanda ya ce masa ya sauke kafaɗar hagu, ita ta sauka da kanta.

 Sai na ga Inna ta jawo mayafinta ta rufe kai, yadda take yi in Malam na gida. Na taɓa ta, na ce, "Inna, Mudi ne fa." Ta ce, "Na sani, Talatu. Bar ni in ɗan duba."

Ni da tabarau a idona Mudi kawai nake gani, da agogonsa da askinsa na 'yan zamani. Sai na cire. Ƙofar zaure ta yi laushi, agogo ya tafi, fuska ta tafi, ya rage farin abu a zaune, kai a sunkuye, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Kuma a take abin da na yi kwanaki ina nema ya dawo mini, gyaran muryarsa kafin ya ja aya, ƙamshin tawada a yatsunsa, da fatar idon hagun nan, wadda saukowa ta yi, ba tabo ba ne. Daga zaure Mudi ya ce, "Goggo, me kuke gani?" Na ce, "Kakanka." Ya daɗe a zaune bai motsa ba. Da ya taso, a gaban Inna ya goge dattijon daga wayarsa, ba wanda ya sa shi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar shago ba, kuma abin dariya, mutumin da ya ɗauki rabin Birik bai bar hoton kansa ko ɗaya ba. Abin da ya bari yana bayan mutane. Matan da suka yi masa mitar fo da igiyar shanya, yau su ne ke ɗauko tsofaffin hotunansu suna nuna wa jikoki ƙofar gidan da aka rushe da maƙwabciyar da ta rasu, ba su ma kallon leshin. Mu kuma ya bar mana amana da ya riƙe ba tare da ya hana Inna abin da take so ba, ya auna mata wurin da mutum zai zauna a gan shi ba a tona shi ba. Da na zaci taurin kai ne da son wahala. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Malam, ya sa sun huta.

Dattijon waya bai gama fita kaina ba, yakan leƙo wani lokaci, amma yanzu na san maganinsa, tabarau nake cirewa. Mai Haɗama kuwa yana cikin akwatina tun rasuwar Yaya, naɗe cikin baƙin yadin nan da muka yi faɗa a kai. Shekaranjiya Mudi ya zo ya roƙe shi, na ba shi. Ya samo abin da ya haɗa shi da kyamararsa, ya zo ya durƙusa gaban Inna har gilashin na neman taɓa ta, ya ce in je zaure in zauna a bayanta. Ina jan buzu ina jin ta tana cewa, "Ga wani kuma zai cusa mini ƙarfe a hanci." Amma ba ta kau da kai ba.